Wasan Kwaikwayon Talabijin da Matsalar Jingine Shiri

Gabatarwa

A watan Janairun 2022 wani gajeren tallan fim mai suna Makaranta ya bazu a wayoyin jama'a a arewacin Nijeriya. An nuna ɗalibai cikin kayan makaranta, an kuma ambaci al'amuran balaga da na jima'i da sunayensu ƙarara, ba tare da irin sakayawar da kunnen Bahaushe ya saba da ita ba. Tun kafin a ga fim ɗin gaba ɗayansa, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda Isma'ila Na'abba Afakallah yake shugabanta a lokacin, ta ba da sanarwar cewa tana neman daraktan, Aminu Umar Mukhtar. Shi kuwa daraktan ya shaida wa 'yan jarida cewa manufarsa ita ce wayar da kan jama'a game da ilimin jima'i da wasu matsaloli irin su kaciyar mata, kuma ba a Kano ya ɗauki fim ɗin ba, ba kuma da Hausa kaɗai aka yi shi ba.

Abin lura a nan shi ne, an yi wannan taƙaddama ne a kan aikin da masu sukarsa da masu kare shi duk ba su kalla ba tukuna. Haka lamarin shirin da aka tare tun bai fito ba yake: sunansa yana yawo a gari, hukunci ya riga ya hau kansa, amma babu mai iya buɗe shi ya ce ga abin da ke ciki. Ɗalibin wasan kwaikwayon Hausa ya saba da nazarin abin da aka buga ko aka nuna, wato jigo da salo da zubi da tsari da 'yan wasa. Wannan babi ya waiwayi ɗaya ɓangaren ne, wato dalilan da kan sa a tare shiri a hanya saboda ana ganin abin da ya ƙunsa ya fi ƙarfin yara ko ya saɓa wa tarbiyya, da kuma yadda lamarin ya shafi malamin da za a tura koyarwa a wuri irin ƙasar Yauri, nesa da Kano inda ake yanke mafi yawan irin waɗannan hukunce-hukunce.

Hanawa da Dakatarwa da Jinginewa

A bakin jama'a, duk shirin da ya ɓace daga akwatin talabijin cewa ake yi an hana shi. Ga mai nazari kuwa akwai bambanci. Hanawa ita ce hukuma ta yanke cewa ba za a nuna shiri ba a duk inda ikonta ya kai. Dakatarwa ta ɗan lokaci ce, kuma galibi takan faɗa wa shirin da ya riga ya fara fitowa, har sai an cika wani sharaɗi, kamar a cire wata fitowa ko a kai shirin a duba. Jinginewa ita ce a kammala shiri, ko a kusa kammala shi, sannan a ajiye shi ba tare da masu kallo sun gani ba.

Ta ukun nan ta fi wuyar nazari, domin sau da yawa babu takarda, babu sanarwa. Wataƙila mai tasha ne ya kalla ya ga zai jawo masa surutu, ko mai ɗaukar nauyi ya janye kuɗinsa, ko kuma shi kansa furodusa ya auna ya ga asarar ajiye shirin ta fi masa sauƙi a kan a rufe masa kamfani. Akwai ma matakin da ya riga wannan, wato labarin da marubuci ya fasa rubutawa tun yana cikin zuciyarsa, saboda ya san ba zai wuce ba. Irin wannan ba ya barin sawu ko kaɗan.

Abubuwan da kan jawo wa shiri wannan matsala ba su da yawa: sha'anin maza da mata, kamar tsiraici da taɓa jiki da kalaman batsa, zubar da jini da ta'addanci, shaye-shaye, sai kuma taɓa addini. A ƙasar Hausa na farkon ya fi tayar da ƙura, amma kamar yadda za a gani a gaba, na biyun ne ya fi kusa da rayuwar ɗaliban Birnin Yauri.

Jigon Ba Baƙo Ba Ne

Kuskure ne a ɗauka cewa fim ne ya fara shigo da zancen karuwanci ko lalata 'yan mata cikin adabin Hausa. Littattafan wasan kwaikwayo da aka daɗe ana karantawa a makarantun sakandare da kwalejoji cike suke da irin waɗannan jigogi. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi labarin attajiri ne da ya auri karuwa, gidansa ya watse, dukiyarsa ta salwanta. Uwar Gulma na Mohammed Sada ya kawo miji mashayi, ɗan caca, mai wulaƙanta matarsa. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka buga a 1979, ya nuna yadda Alhaji Ruwan Ido ya yi amfani da dukiyarsa ya yaudari 'yar makaranta har ya ɓata mata rayuwa. Hukumomin ilimi ne suka zaɓi waɗannan littattafai, malamai suka koyar da su, aka yi jarrabawa a kansu. Ke nan ba jigon kansa ne al'umma take ƙyama ba. Yadda aka fito da shi, da kuma gaban wanda aka fito da shi, nan gizo yake saƙa.

Bahaushe yana da nasa tsarin rarraba masu sauraro tun kafin a kafa wata hukuma, sai dai da wuri da lokaci yake yin sa. Kiɗan amada, wanda marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta shahara da shi, asalinsa na mata ne zalla a cikin gida lokacin biki ko suna, kuma a nan akan faɗi maganganun da ba za a faɗa a zaure ba. 'Yan gambara sun yi suna wajen sakin baki a kasuwa, amma dattijo mai mutunci ya san inda suke tsayawa, sai ya canza hanya. Nasihar da ake yi wa amarya game da zaman ɗaki ba uwa ce take yin ta ba, gwaggo ce ko wata tsohuwa ta jiki, kuma a keɓe. Idan hira ta kai inda bai kamata yara su ji ba, sai a ce su tashi su ba manya wuri. A makarantun ilimi kuma littattafan fiƙihu irin su Ahalari da Iziyya da Risala suna bayanin janaba da haila da wanka dalla-dalla, ba a kuma ɗauki wannan a matsayin batsa ba, domin wurin ya dace, mai faɗa ya dace, manufa ta fito fili.

Harshen kansa ya tanadi hanyar faɗin abu mai nauyi a gaban kowa. Akan ce mace tana da juna biyu, ko ta yi ɓatan wata, ko tana fashin salla, ko ta sauka lafiya. Babba ya gane, ƙaramin yaro ya wuce bai tsinci komai ba. Marubutan da aka ambata a sama sun ci moriyar wannan baiwa ta harshe ƙwarai, kuma rubutu ya taimake su, domin abin da aka faɗa da kalma mai karatu ne yake zana hotonsa gwargwadon shekarunsa. Kyamara ba ta da wannan rangwame. Abin da ta ɗauka shi kowa zai gani, ɗan shekara 7 da ɗan shekara 70.

Akwatin da Ba Shi da Mai Gadi

Gidan silima yana da ƙofa, yana da mai karɓar tikiti, wanda ya je kuma shi ya kai kansa. Talabijin kuwa tsakar gida take shigowa, inda uba da uwa da 'ya'ya, wani lokaci har da suruki, suke zaune wuri guda. Mutanen da al'ada ta hana su haɗa ido a kan wasu maganganu sai ga su gaban allo ɗaya. Yawancin ƙorafin da ake yi a kan shirye-shiryen Hausa, idan aka bi diddiginsa, daga wannan zama yake tasowa. Mai ƙorafin ba cewa yake yi bai san ana yin abin a duniya ba, cewa yake yi an nuna masa shi yana tare da 'yarsa.

Ba ƙasar Hausa kaɗai ta gamu da wannan ba. A 1965 gidan talabijin na BBC a Ingila ya sa Peter Watkins ya shirya The War Game, wanda ya kwatanta abin da zai faru idan aka jefa wa ƙasar makamin nukiliya. Da shugabannin gidan suka kalla, sai suka ce ya yi tsananin ban tsoro a nuna shi a talabijin, suka jingine shi. An bari an nuna shi a gidajen silima, har ya ci lambar yabo ta Oscar a 1967, amma BBC ba ta sa shi a talabijin ba sai a 1985, bayan shekara 20. Fim ɗaya ne, bai canza ba. An yarda da shi a inda akwai ƙofa, an ƙi shi a inda babu. A 2004 kuma gidan ya jingine wani shirin zane mai dogon zango mai suna Popetown, bayan an kashe kuɗi an kammala shi, saboda ƙorafin mabiya ɗariƙar Katolika cewa ya yi wa fadar Paparoma ba'a.

Dabarar da ƙasashe da yawa suka ɓullo da ita ita ce su ƙirƙira wa talabijin ƙofa ta hanyar agogo da lamba. A Ingila ba a sa shirin manya kafin ƙarfe 9 na dare. A Nijeriya, Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa da Doka ta 85 ta 1993, tana rarraba fina-finai aji-aji: na kowa da kowa, na kallo tare da iyaye, na waɗanda suka kai shekara 12, da 15, da 18. Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1992, ita ma ta ware sa'o'in farkon dare a matsayin lokacin iyali. Hikimar wannan tsari ita ce, ba sai an kashe shiri ba, ana iya matsar da shi zuwa inda ya dace. A nan ya yi kama da tsarin gargajiya na cewa yara su tashi.

Sai dai tsarin yana aiki ne idan akwai mai tsare ƙofar. A gidan kallo na unguwa, inda yaro da babba suke biyan kuɗi ɗaya su zauna a benci ɗaya, lambar 18 ado ce kawai. A garin da wutar lantarki ce take yanke lokacin kallo, agogon tasha ba ya hana komai. Wayar hannu kuwa ba ta san dare ko rana ba.

Yadda Lamarin Ya Gudana a Kano

Lokacin da wasan kwaikwayon talabijin yake hannun tashoshin gwamnati, tun daga buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962 har zuwa zamanin Samanja na Usman Baba Pategi da Karambana na Ƙasimu Yero, tacewa a cikin gida ake yin ta. Ma'aikacin tasha ne yake duba labari, shi ne kuma zai amsa tambaya idan an yi kuskure. Fitowar fim ɗin bidiyo, wanda ake lissafa farkonsa daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ita ta fitar da harkar daga hannun tasha ta mayar da ita kasuwa, inda mai kuɗi da kyamara zai iya yin abin da ya ga zai sayu.

A watan Disambar 2000, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci, gwamnatin Jihar Kano ta dakatar da shirya fina-finai da nuna su baki ɗaya. A 2001 aka kafa hukumar tace fina-finai ta jihar, sana'ar ta dawo bisa sharuɗɗa. Tsarin mulkin 1999 ya ba da wannan dama, domin ya sanya tace fina-finai cikin abubuwan da tarayya da jihohi duk suke da ikon yin doka a kansu. A 2007, bayan wani hoton bidiyo na sirri da ya shafi wata 'yar fim ya bazu a wayoyi, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na wata 6, aka kuma tsaurara sharuɗɗa, ciki har da kai rubutaccen labari a duba tun kafin a fara ɗauka. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci ga batun wannan babi, domin ya matsar da tacewa daga ƙarshen aiki zuwa farkonsa. Masu sana'ar da dama sun koma Kaduna da Jos da Abuja a wancan lokaci. A Disambar 2008 wata kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama bisa tuhumar da ta haɗa da sakin fim ɗinsa Tsintsiya ba da izinin hukumar jihar ba, ko da yake ya dage cewa bai sake shi a Kano ba.

Zuwan tashar Arewa24 a 2014, da fara Daɗin Kowa a 2015, sannan Kwana Casa'in da Labarina, ya juya akalar masana'antar zuwa shiri mai dogon zango, wanda ake nunawa kashi-kashi a talabijin da YouTube. Da wannan sai sabuwar tambaya ta taso. Tsarin mulki ya bar sha'anin gidajen talabijin, ban da na gwamnatocin jihohi, a hannun tarayya. To, shirin da aka ɗauka a Kano, aka watsa ta tauraron ɗan'adam, aka kalla a Yelwa da Maraɗi da Kumasi, wa yake da iko a kansa? A 2020 hukumar Kano ta umarci Arewa24 ta dakatar da Kwana Casa'in da Gidan Badamasi saboda wasu fitowa da ta ce an nuna taɓa jiki tsakanin namiji da mace. A watan Mayun 2025 kuma, ƙarƙashin shugabancin Abba El-Mustapha, ta dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata da Garwashi da Gidan Sarauta, bisa dalilin cewa ana sakin su ba tare da an kawo mata ta duba ba.

A aikace, ma'aunin da ake amfani da shi a Kano guda ɗaya ne: shin shirin ya dace da addini da al'ada da tarbiyyar jama'ar jihar? Wato tamkar ana auna kowane shiri ne da zaman tsakar gida, inda kowa yake nan. Wannan ma'auni yana da hujjarsa, tunda an ga cewa lamba da agogo ba sa tsare kowa a yanayin da ake kallo a nan. Amma yana da tsada. Shirin da aka yi domin manya ba shi da gurbi. Ko dai a rage shi har ya zama na kowa, ko a ajiye shi, ko a kai shi intanet inda babu mai tambaya. Furodusan da ya biya 'yan wasa, ya yi hayar gidaje da kayan aiki, ya ɗauki zango guda mai kashi 13, ba zai so ya yi caca da wannan dukiya ba. Saboda haka tun a wajen zaɓen labari yake kauce wa duk abin da zai jawo magana. Wannan yana cikin dalilan da suka sa shirye-shirye da yawa suke ta kewaya kishi da gado da soyayya da rikicin sarauta, alhali wasu matsalolin da suke cin al'umma ba a cika taɓa su ba.

Daga Kano Zuwa Bakin Tafkin Kainji

Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a Jihar Kebbi. Ikon hukumar Kano bai kai nan ba, amma tasirinta ya kai, domin mafi yawan abin da ake kallo da Hausa a Yelwa da Wara da Birnin Yauri daga Kano yake fitowa. Abin da aka cire a can, an cire wa mai kallo a nan. Abin da ya zille ya hau intanet kuwa, masu tura fina-finai a waya za su kawo shi har tashar jiragen ruwa. Ga shi kuma ƙasar ta tara al'ummu daban-daban, Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukkawa da Hausawa da Fulani da sauransu, waɗanda Hausa ta haɗa su a kasuwa da makaranta. Ma'aunin kunya da na sutura ba lalle ne ya zo ɗaya ba tsakanin gidan malamai a cikin gari da gidan masunta a bakin ruwa, kuma ajin da malami zai shiga yana iya ƙunsar 'ya'yan duka biyun.

Ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka kai hari Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka sace ɗalibai masu yawa da wasu malamai. An sako su rukuni-rukuni, kuma na ƙarshe daga cikin 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023, bayan sun yi kusan shekara 2 a daji. A watan Satumbar 2021, wata 3 bayan harin, hukumar Kano ta hana shirya fina-finan da suke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, bisa hujjar cewa matasa suna iya koyon dabarun aikata laifi daga gare su.

Idan aka ajiye waɗannan abubuwa biyu gefe da gefe, nauyin matsalar yakan fito. Abin da aka ce ya fi ƙarfin allo, ya riga ya shigo wa yaran Birnin Yauri ta ƙofar makaranta. Hujjar hukumar ba ta banza ba ce: fim yana iya mayar da ɗan bindiga gwarzo, ya ƙawata bindigarsa da babur ɗinsa, kuma iyayen da aka ɗauke wa 'ya ba za su so a mayar da baƙin cikinsu abin nishaɗi ba. Amma hana jigon ɗungurungum ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya suke ba, wato nuna yadda ake aikata laifi, da nuna abin da laifin yake bari a baya. Wasan da zai tsaya a kan uwar da take jiran labari, ko uban da ya sayar da gona don haɗa kuɗin fansa, ko yarinyar da ta dawo tana fama da kallon da 'yan unguwa suke yi mata, bai koya wa kowa sata ba. Irin wannan wasa ne ma zai iya sa al'umma ta sassauta wa waɗanda suka dawo. Dokar da ta dubi sunan jigo kawai za ta tare shi tare da wancan.

Haka nan batun Makaranta yake. Ana iya samun mai ganin cewa tallan ya wuce gona da iri wajen sakin baki, kuma duk da haka ya yarda cewa tambayar da fim ɗin ya taso da ita tana nan: wa zai gaya wa yaro abin da yake faruwa a jikinsa, da wace kalma, a wane wuri? A watan Nuwambar shekarar ta 2022 Ministan Ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya umarci a cire ilimin jima'i daga manhajar makarantu, yana mai ganin cewa aikin iyaye ne da malaman addini. Gwaggon da al'ada ta ɗora wa wannan aiki kuwa, a gidaje da yawa yanzu tana wani gari, waya ta riga ta isa wurin yarinyar. Sakaya zance ma tana da iyaka. Yaron da wani babba yake cutarwa a ɓoye yana bukatar kalmar da zai kai ƙara da ita a gane shi, kuma kunyar da ta hana shi wannan kalma ta koma kariya ga mai cutar da shi.

Abin da Ya Rage wa Malami

Malamin Hausa yakan tsinci kansa a matsayin hukumar tacewa ba tare da an naɗa shi ba. Shi ake ba aikin shirya wasan ranar rabon kyaututtuka, shi ne kuma ɗalibai za su tambaya game da shirin da suka kalla jiya da dare. Idan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta ta kawo labari a kan auren wuri, ko 'yar talla da wani mai shago yake ja da kyauta, ko ɗalibin da ya faɗa shan ƙwaya, hanya mafi sauƙi ita ce malami ya ce a canza labari. Wannan ita ce jinginewa a matakin makaranta, kuma abin da ɗalibai za su koya daga gare ta shi ne cewa akwai matsalolin da ba a kawo wa malami.

Akwai dabarun da suka fi wannan, kuma duk suna cikin abin da ake koyarwa a darasin wasan kwaikwayo. Mummunan abu yana iya faruwa a bayan dandamali, wani ɗan wasa ya shigo da labarinsa. Ana iya rufe fitowa a daidai lokacin da mai shago ya ce wa yarinya ta shigo ciki ta karɓi canji, a buɗe ta gaba bayan wata 3 a gaban uwarta. Karin magana da habaici suna ɗaukar nauyin da kalma tsirara ba za ta ɗauka ba a gaban iyaye. Ya kamata kuma malami ya san masu kallonsa tun kafin ya fara gwaji: wasan da za a yi a aji na manyan ɗalibai mata zalla yana iya faɗin abin da wasan filin makaranta, gaban hakimi da iyaye da 'yan aji ɗaya, ba zai faɗa ba. Nuna wa shugaban makaranta da wakilan ƙungiyar iyaye da malamai rubutaccen wasan tun da wuri ya fi a bari su gan shi ranar taro. A makarantun ƙasar Yauri musamman, duk wasan da ya taɓa harin 'yan bindiga ko haɗarin jirgin ruwa yana bukatar malami ya fara binciken ko akwai ɗalibin da abin ya shafi gidansu, kada a ba shi rawar da za ta tayar masa da miki, kada kuma a tilasta masa zama ya kalla.

Wajen nazarin shirin talabijin a aji, tambayoyi uku sukan wadatar a matakin sakandare: me aka nuna da hoto, me aka faɗa da baki, me aka bari mai kallo ya gane da kansa? Ɗalibin da ya iya raba waɗannan zai iya bayyana dalilin da ya sa wata fitowa ta dame shi, maimakon ya tsaya ga cewa fim ɗin na batsa ne ko na wayewa ne. A lokacin gwajin koyarwa, ɗalibi mai koyon malanta yana iya ɗaukar fitowa guda daga Kulɓa Na Ɓarna, ya raba aji gida biyu, rukuni ɗaya su tsara yadda za a yi ta a rediyo, ɗaya kuma yadda za a yi ta a talabijin da ƙarfe 8 na dare, sannan kowane rukuni ya rubuta abin da ya cire, da abin da ya musanya, da dalilinsa. Minti 40 na darasi ɗaya ba za su isa ba, don haka ya fi kyau a ba da rubutun a matsayin aikin gida, a yi muhawarar a darasi na gaba.